Unguwar da ba ta da katanga

Idan ka fito daga birnin Washington ta arewa maso yamma ka kama titin River Road, ba ka yin nisa sai gine-gine su fara ja da baya, itatuwa su karɓe hanya. Ba ka bar gari ba, domin idan babu cunkoso fadar shugaban Amurka ba ta fi tafiyar rabin sa'a a mota ba, amma duk inda ka waiga duhuwa ce. Nan ne Bethesda, gaba kaɗan kuma Potomac, dukansu a gundumar Montgomery ta jihar Maryland. A wani lungu tsakanin su biyun na zauna da iyalina daga ƙarshen 2009, kuma ba don aljihunmu ya kai wurin ba. Wata dattijuwa ce mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse, gida ya yi mata yawa, sai ta ba mu hayar sashen ƙasa: ɗaki biyu da falo da madafa, rabin ginin a binne cikin tudu, tagoginmu daidai da ciyawar tsakar gida. Makaranta ce ta ja mu. A can adireshin gidanka ne ke zaɓa wa ɗanka makarantar gwamnatin da zai shiga, kuma makarantun wannan yanki, irin su Walt Whitman da Winston Churchill, sunansu kaɗai yana ƙara wa gida kuɗi.

Masu unguwar lauyoyi ne da likitoci da manyan ma'aikatan Bankin Duniya da jami'an jakadanci, da masu bincike a cibiyar lafiya ta ƙasa, NIH, wadda harabarta ke cikin Bethesda. Gidan dala miliyan ɗaya ba abin a ɗaga murya ba ne a wurin. Duk da haka babu katanga ko ɗaya. Babu get, babu maigadi, babu wayar ƙaya, babu fasassun kwalabe. Ciyawar wannan gida tana shiga ta wancan, sai wanda ya sani ne zai nuna maka iyaka. Da na aika wa mahaifiyata hoton ƙofar gidan, washegari ta kira, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, daji suka kai ku? Ina mutanen garin?" Na ce, "Inna, ai nan ne unguwar masu kuɗi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya tsare, ku riƙa rufe ƙofa."

Itatuwan sun cancanci a tsaya a kansu. Akwai wata doguwa mai miƙaƙƙen jiki da suke kira tulif fofla, tana kai mita talatin ko fiye, ba ta fara reshe sai ta wuce rufin gida mai hawa biyu. Akwai farin oak, wanda jihar Maryland ta ɗauka itacenta, mai faɗin inuwa da 'ya'ya masu tauri da ke faɗowa kan kwano tsakar dare har ka zabura. A watan Afrilu ƙananan itatuwa suna yin fure fari da ruwan hoda kafin ganye ya fito, kuma a unguwar Kenwood da ke kusa da mu titunan gaba ɗaya sukan rufe da furen ceri har mutane su yi ta zuwa kallo daga birni. Da bazararsu ganye yakan haɗe sama, ka yi tafiyar ƙafa da tsakar rana ba ka ga rana ba, kuma da ka sauko daga jirgin Metro ka shigo unguwar za ka ji zafi ya ragu a jikinka. A Oktoba komai ya koma ja da rawaya. A Nuwamba kuwa komai ya zubo ƙasa, kuma nan ne aiki yake.

Domin wannan daji ba ya gyara kansa. Tun ƙarfe bakwai na safe ƙananan motocin ɗaukar kaya suke shigowa jaye da tirela, cike da injin yankan ciyawa da injin hura ganye da ake goyawa a baya. Masu aikin kusan dukansu 'yan Amurka ta Tsakiya ne, galibi daga El Salvador da Guatemala da Honduras, mazauna Langley Park da Wheaton, inda itatuwa suka fi ƙaranci, gidajen haya suka fi yawa. Su ne ke aske ciyawa duk mako, su tara ganye tuli tuli a bakin titi, sai babbar motar gunduma mai tiyo ta zo ta zuƙe. Mutanen unguwar suna son shiru, suna kuma son ƙofar gida tas, to amma injin da ke share ƙofar ne ke hana shirun. An daɗe ana wannan jayayya, har daga bisani gundumar ta haramta amfani da injin hura ganye mai shan fetur daga Yulin 2025. Itacen da ke bakin titi kuwa ba naka ba ne ko da a ƙofar gidanka ya tsiro. Tun 1914 Maryland take da dokar da ta hana sare shi ko yi masa aski ba da izini ba.

Ni ba na cikin masu fita da mota, don haka na san unguwar ta wata fuskar da masu ita ba su sani ba. A lokacin bas mai lamba T2 ce ke bin River Road daga tashar Friendship Heights. Da safe idan na tsaya a gefen da ke shiga birni, ni kaɗai ne ko mu biyu. A ɗaya gefen kuwa bas ɗin da ke fitowa daga birni a cike take maƙil, mata zalla, kowace da jakarta da takalmin aiki. Masu raino ne da masu shara da masu jinyar tsofaffi. Su sauka ɗai-ɗai, su bi gefen kwalta, domin yawancin lungunan babu hanyar masu tafiya a ƙafa, an gina su ne da tunanin kowa yana da mota. Da yamma sai lissafin ya juya.

Matata ce ta fi ni shiga cikinsu. Takan kai ƙaramin ɗanmu filin wasan yara da hantsi, lokacin da iyaye duk suna ofis, filin kuma na masu raino ne. Sau da yawa akan tambaye ta gidan wa take yi wa aiki, kuma mai tambayar ba da mugun nufi take yi ba, abin da ido ya saba gani ke nan. Wata rana tana yi wa yaron faɗa da Hausa don ya sa yashi a baki, sai wata mata mai tura keken tagwayen Turawa ta tsaya cak ta ce, "Kai! 'Yar uwa, Hausa nake ji?" Ashe 'yar Nima ce ta birnin Accra, ta girme mu nesa ba kusa ba, ta yi shekaru tana rainon 'ya'yan mutane a wannan yanki, nata 'ya'yan suna Ghana wajen kakarsu. Daga ranar ta zama Hajiyarmu. Ita ta nuna wa matata shagon da ake samun daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ita ta san gidan da ake shirin rabuwar aure da gidan da bashi ya yi wa katutu. Duk wanda ke son sanin labarin wannan unguwa, filin wasan yara zai je da ƙarfe goma na safe.

Masu gidajen kansu mutanen kirki ne, ban taɓa ganin wulaƙanci daga ɗayansu ba. Sai dai da wuya ka gan su. Mutum zai taho a mota, ya danna maɓalli, ƙofar gareji ta ɗaga, ya shige, ta sauko. Shi ke nan sai gobe. Gaisuwa ɗaga hannu ce daga bayan gilashi. Wanda kake iya tsayawa da shi a titi shi ne mai yawo da kare, kuma hirar ta kare ce. Ziyara sai an sa rana. Uwar ɗakinmu ta nace mu riƙa kiranta da sunanta, abin da harshena ya kasa ɗauka ga matar da ta haifi kamata, sai yara suka raba gardama, suka laƙaba mata Kaka, ta kuwa karɓa da murna.

A Babbar Sallar farko da muka yi a can, bayan an sauko daga idi na bi wasu abokai zuwa wata gona a arewacin gundumar, cikin yankin da aka keɓe wa noma tun 1980, kimanin eka 93,000 da ba a yarda a cika da gidaje ba. Can muka yanka raguna, muka dawo da nama a buhunan leda. Matata ta soya, ƙamshi ya bi iska ya shiga duhuwar, ta zuba a ƙananan kwanuka ta ce, "Malam, a kai wa maƙwabta." Na ɗauki yara muka fita. Gidan farko ba a buɗe ba ko da yake fitila na kunne. A na biyu maigidan ya karɓa, ya tsaya riƙe da kwano yana tambaya ko gidauniya muke tara wa kuɗi. Da na bayyana masa, kunya ta kama shi, ya yi ta godiya. Bayan kwana biyu muka tarar da kwanonmu a bakin ƙofa, an wanke shi fes, da katin godiya a cikin ambulan. Matata ta jujjuya katin ta ce, "Ikon Allah, nama har da rasit." Dare ɗaya ne a shekara ake ƙwanƙwasa ƙofa ba da alƙawari ba, daren 31 ga Oktoba, lokacin da yara ke shigar dodanni suna bi gida gida ana ba su alewa. Tashen Turawa, in ji matata. A daren ne na fara ganin cikin falon yawancin maƙwabtana, daga bakin ƙofa.

Waɗanda ba su san alƙawari ba su ne barewa. Da asuba sai ka ga biyar ko shida a tsaye gaban tagarmu suna cin furannin da Kaka ta kashe kuɗi ta shuka, ka buga gilashi su ɗago kai su dube ka su ci gaba. Babu mai farauta a cikin unguwa, babu namun dawan da ke cin su, abinci kuma ga shi an dasa musu an ba shi ruwa, sai suka yi ta yaɗuwa. Mota ce kaɗai abokiyar gabarsu. Da sanyi hukumar gandun daji takan rufe wasu dazuzzuka da dare, 'yan sandanta gwanayen harbi su rage su, a ba da naman ga masu ciyar da mabuƙata. Akwai kuma kaskar da ke rayuwa a jikinsu, ƙanƙanuwa ainun, da ƙyar ido ke ganinta, mai sa cutar Lyme da ke kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Duk yaron da ya yi wasa a ciyawa sai an tuɓe shi an duba bayan kunne da hamata da bayan gwiwa kafin ya kwanta.

Dusar ƙanƙarar Fabrairun 2010, wadda ta sauka sau biyu cikin mako guda har gwamnatin tarayya ta rufe ofisoshinta na kwanaki, ta ba mu wuya, amma ba ita nake tunawa ba. Abin da ba na mantawa shi ne daren Juma'a 29 ga Yunin 2012. Ranar an yi zafin da ya kai digiri 40 a Washington, iska ko motsi ba ta yi. Wajen ƙarfe goma da rabi na dare sai muka ji wani gunji daga yamma, ba tsawa ba, ba jirgi ba. Kafin in kai taga wuta ta ɗauke. Walƙiya ba ta tsayawa, a cikin haskenta na ga dogayen itatuwan nan suna sunkuyawa kamar za su taɓa ƙasa. Sai ƙarar karyewa, ƙas, ƙas, sannan wani dum da ya girgiza ƙasan da muke kwance a ciki. Guguwar ta taso ne tun daga tsakiyar ƙasar, ta keto jihohi a miƙe cikin sa'o'i, gudunta ya haura kilomita 100 a sa'a. A kanmu ba ta yi rabin sa'a ba. Ta kashe mutum 22 a jihohin da ta ratsa, ta bar gidaje da shaguna kimanin miliyan huɗu cikin duhu.

Da gari ya waye unguwar ta koma wani wuri dabam. Wani oak ya tuge da saiwarsa, ya ɗaga kwalta, ya kwanta a kan titi ya rufe mu ruf. Wata fofla ta raba rufin gidan da ke kallon namu gida biyu, ta shiga har ɗakin kwana, Allah ya sa masu gidan suna hutu a bakin teku. Wayoyin lantarki a wannan yanki a kan turakun katako suke, suna ratsa tsakiyar rassa, kuma mutanen da ke kuka da rashin wuta su ne dai waɗanda a baya ba sa son a taɓa musu reshe. A ranar ce kuma na koyi wata ƙa'ida da ta ba ni mamaki: idan lafiyayyen itacen maƙwabcinka ya faɗo kan gidanka, inshorarka ce za ta biya, ba tasa ba. Kwashe babban itace guda kuwa dubban daloli ne. Ba nisa da mu, a filin golf na Congressional, ana tsakiyar wata babbar gasa. Aka share abin da za a iya sharewa, aka buga wasan Asabar babu 'yan kallo, ranar Lahadi Tiger Woods ya lashe kofi. Mu kuwa a lokacin muna jiran masu zarton inji su iso lungunmu.

Kusan mako muka yi babu wuta cikin wannan zafi. Gidajen an gina su ne don na'urar sanyaya ɗaki, da ta tsaya sai saman bene ya gagari kwana. Sashenmu na ƙasa, wanda ake ragin kuɗin haya saboda duhunsa, ya zama wuri mafi sanyi a gidan. Kaka ta sauko da matashinta ta kwana a falonmu. Matata ta hura gawayi a bayan gida, ta soye duk naman da ke firiji kafin ya lalace, ta nuna wa matan maƙwabta yadda ake jiƙa zane a rataya a taga. Maza suka fito da gasassun kaji da kifin da ƙanƙara ta saki, aka jera kujeru a kan kwalta, yara suna ta hawa gangar oak ɗin da ya faɗi. A makon na san sunayen mutanen da na yi shekara biyu da rabi ina ɗaga wa hannu. Wasu dai tun rana ta biyu suka kulle gida suka tafi otal. Kafin sanyi ya shigo kuwa, gida bayan gida aka yi ta girka janareta mai aiki da iskar gas, irin wanda ke tashi da kansa cikin daƙiƙoƙi da zarar wuta ta ɗauke. Darasin da unguwar ta ɗauka ke nan daga guguwar, kuma ba na ganin laifinsu, amma ba a sake jera kujeru a titi ba.

A hirar waɗannan darare ne Kaka ta ba ni labarin takardar gidanta. Ta ce lokacin da suka saya, lauya ya nuna musu wani sharaɗi a tsohuwar takardar filin, cewa ba za a sayar ko a ba da haya ga baƙar fata ko Bayahude ba. Ita kuma Bayahudiya ce. Sharaɗin ya riga ya mutu a doka, domin Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta irinsa a 1948, dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 kuma ta haramta wariyar gaba ɗaya, amma rubutun yana nan. Unguwanni da dama a Bethesda da maƙwabciyarta Chevy Chase da irin wannan sharaɗi aka yanka su. Francis Newlands, wanda ya kafa kamfanin da ya gina Chevy Chase a 1890, ya taɓa neman a ƙwace wa baƙaƙen fata 'yancin jefa ƙuri'a. Da aka soke waɗannan sharuɗɗa, dokar tsara gari ta ci gaba da aikin ba tare da ta ambaci launin kowa ba. A yawancin lungunan ba a yarda a gina komai ba sai gida guda na iyali guda, a wasu sassan Potomac kuma fili ba ya gaza eka biyu. Wanda zai iya sayen eka biyu a bakin babban birnin Amurka an riga an san ko wane ne. Wanda ya san G.R.A. ta Kaduna ko ta Kano ya san wannan dabara, domin Turawan mulkin mallaka ma da fili da itatuwa suka raba kansu da gari, har da ƙa'idar barin yadi 440 babu gini a tsakani.

Dajin ma kansa ba tsoho ba ne kamar yadda yake nunawa. Yawancin wurin gonakin taba da alkama ne a da, bayi ke noma su, har Maryland ta soke bauta a 1864. A wata gona da ke arewacin Bethesda aka bautar da Josiah Henson, wanda ya tsere zuwa Kanada a 1830, labarin rayuwarsa kuma ya shiga cikin abin da aka gina littafin Uncle Tom's Cabin a kai. Jikokin irin waɗannan mutane ba su tafi duka ba. A kan titin Seven Locks, tsakiyar gidajen miliyoyi, akwai wata ƙaramar unguwa mai suna Scotland, wadda ta faro a 1880 lokacin da wani 'yantaccen bawa, William Dove, ya sayi eka 36. Har cikin shekarun 1960 babu ruwan famfo babu magudanar bayan gida a yawancin gidajenta, filayenta kuma ana ta yankewa, sai da mazauna suka yi tsayin daka aka gina musu gidaje ɗari a jere a kan abin da ya rage. Ƙaramin cocinsu yana bakin titin. Na sha wucewa ta gabansa a bas kafin in san abin da nake wucewa.

A 2014 Kaka ta zame a matakala ta karya ƙugu. 'Ya'yanta suka zo daga jihohi biyu, suka mayar da ita gidan kula da tsofaffi, suka sa gidan a kasuwa. Ba iyali ne suka saya ba, wani mai gina gidajen sayarwa ne, kuma fili yake so, ba gini ba. Aka ba mu wa'adi mai kyau, muka koma wani bene a Silver Spring, kusa da masallaci da shagon daddawa. Hajiya ce ta kira matata ta ce an kawo katafila. A shekarar ce wata sabuwar dokar gunduma ta fara aiki, wadda ta ce mai irin wannan gini ko dai ya dasa itatuwa ko ya biya kuɗi a asusun dashe. Da na bi ta wurin bayan an gama, itatuwan bakin titi suna nan, tunda ba a isa a taɓa su ba, na bayan gida kuwa an sare sai biyu. Sabon gidan ya cinye filin kusan iyaka zuwa iyaka, da gareji mai cin mota uku, da janareta a gefe tun kafin a sami mai saye.